Mutumin Mosko da Ribar Talatin Cikin Ɗari

Ranar Talata 13 ga Disamba 2016, ƴan Nijeriya da suka zuba kuɗi a MMM suka wayi gari da saƙo a shafinsu: an dakatar da biya har tsawon wata guda. Hujjar da aka ba su ita ce wai hada-hadar ƙarshen shekara ta yi wa tsarin nauyi, kuma ƴan jarida sun tayar wa jama'a da hankali. A cikin masu karanta saƙon akwai wanda ya sa kuɗin makarantar ƴaƴansa, da wadda ta sa kuɗin kayan ɗakin ƴarta, da ɗan kasuwar da ya kwashe uwar kuɗinsa kaf. Da aka shiga 2017, hukumar inshorar ajiyar banki ta Nijeriya, NDIC, ta ce kimanin naira biliyan 18 ne suka salwanta, kuma waɗanda suka shiga sun kai miliyan 3.

Abin da ya fi ba ni takaici a labarin nan shi ne mai tsarin ba ɓoyayye ba ne. Sunansa Sergei Mavrodi, an haife shi a Mosko a 1955, lissafi ya karanta. A 1989 ya kafa MMM tare da ɗan'uwansa Vyacheslav da wata mata mai suna Olga Melnikova, suna shigo da kwamfutoci da kayan ofis. A farkon 1994, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta riga ta wargaje kuma kuɗin Rasha yana narkewa a hannun talaka, sai ya fara sayar da hannun jari wanda shi da kansa yake yanka masa farashi, kullum sama. Ya cika talabijin da tallar wani talakan ma'aikaci, Lyonya Golubkov, wanda ya sa ɗan abin da yake da shi, ya saya wa matarsa takalma, bayan nan rigar sanyi mai tsada. Ɗan wasa ne aka ɗauka haya, amma mutane sun ga kansu a jikinsa. Miliyoyin Rashawa suka yi layi. A Yulin shekarar abin ya rushe.

An kama Mavrodi a Agusta kan ƙin biyan haraji. Yana tsare ya tsaya takara, ya shaida wa waɗanda ya cuta cewa gwamnati ce ta hana shi biyansu, kuma in ya shiga majalisa zai ƙwato musu haƙƙinsu. Suka zaɓe shi a Oktoba 1994. Kujerar ta ba shi rigar kariya har zuwa shekara ta gaba da aka tuɓe masa ita. Daga baya ya ɓuya a cikin Mosko ɗin nan shekara da shekaru, sai a 2003 aka cafke shi, a 2007 kotu ta yanke masa shekara huɗu da rabi kan zamba. Da yake ya riga ya cinye kusan duka a tsare, cikin ƴan makonni ya fito. A 2011 ya sake buɗe shago, wannan karon a intanet.

Ya iso Nijeriya a ƙarshen 2015, kuma ya zo a kan gaɓa. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, tattalin arziki ya durƙushe a 2016, dalar da ake canzawa ƙasa da naira 200 a hukumance ta doshi 500 a kasuwar bayan fage, jihohi da yawa sun kasa biyan albashi. Ƴan canjin Maradi da masu safara tsakanin Jibiya da Ɗan Isa ba sa bukatar a tuna musu yadda naira ta zube a hannunsu a shekarar. Cikin wannan hali ne aka zo wa mutane da maganar ribar 30 cikin 100 a kwana 30, ba tare da sun ɗaga ko tsinke ba.

Dabarar Mavrodi ta biyu ta fi ta farko wayo. Ya ce MMM ba kamfani ba ne, ba banki ba ne, taron taimakon juna ne. Ba ka aika masa ko kobo. Za ka yi alkawarin "ba da taimako", sai na'ura ta turo maka lambar asusun wani mutum, ka zuba masa kai tsaye. Nan take za a rubuta maka wasu maki da ake kira mavro, suna ƙaruwa a fuskar waya. Bayan wata ɗaya ka nemi "karɓar taimako", a umurci wasu su zuba maka. In ka kawo sabon mutum kana da kashi 10 na abin da ya sa. Wanda ya tara mutane da yawa ya zama jagora, yana lasa daga na ƙasa da shi. Babu gona, babu shago, babu motar haya. Ribar da ka karɓa kuɗin wanda ya shigo bayanka ne, shi ke nan.

Kuma an biya. Nan ne tarkon yake, ba a wurin kwaɗayi kawai ba. Wanda ya jawo ka ba baƙo ba ne. Yayanka ne, ko abokin da kuke sahu ɗaya a masallaci, kuma ba ƙarya yake maka ba: ya sa dubu ɗari, ya karɓi dubu ɗari da talatin, ga saƙon banki a wayarsa. Gani ya kori ji. Ka gwada da kaɗan, a biya ka. Ka ƙara, a biya ka. A karo na gaba ka sayar da sa, ka ranto na matarka, ka kira ƙannenka. Babban Bankin Nijeriya ya yi gargaɗi, hukumar kasuwar hannun jari ta SEC ta yi, majalisar wakilai ta nemi a bincika. Ƴan MMM suka ce hassada ce, gwamnatin da ta kasa ba mu aiki tana baƙin ciki mun sami mafita. Wannan amsa tana da zafi domin rabinta gaskiya ne, kuma Mavrodi ya san yadda ake hawa kanta tun 1994.

Amma lissafi ba ruwansa da hassada. Ɗauki jika ɗari na sefa, ka bar su suna haihuwar 30 cikin 100 kowane wata. A shekara ɗaya sun haura miliyan 2 da dubu 300. A shekara biyu sun haura miliyan 54. A shekara uku sun wuce biliyan ɗaya. Da akwai sana'ar da ke yin haka, mai ita ba zai nemi jika goman wani manomi a garin Gabi na yankin Maradi ba, bankuna ne za su riƙa bin sa har gida. Tsarin yana numfashi ne muddin sabbin shiga sun fi masu fita yawa, kuma mutanen ƙasa suna da iyaka. A Disamba kowa yana son ya ciri nasa don hidimar ƙarshen shekara, shi ya sa ƙofa ta rufu a lokacin. An sake buɗewa a tsakiyar Janairu 2017 da sharuɗɗa da iyakar abin da za a cira, yawancin tsofaffin maki kuwa suka zauna a waya ba su zama kuɗi ba. Mavrodi ya mutu da ciwon zuciya a Mosko ranar 26 ga Maris 2018, yana da shekara 62.

Da yawa sun shiga ne saboda an ce musu ai adashi ne na zamani. Wannan ita ce ƙaryar da ya fi kamata ƴan yankin Maradi su gane, domin a nan ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a 1991 da tallafin CARE, tsarin da ƙasashe da dama suka kwaikwaya daga baya. A adashi kowa ya san kowa, an san yawan masu zubi, an san ranar kwasar kowa, kuma abin da ka kwasa shi ne abin da ka zuba. A asusun mata ana ƙirga kuɗi a gaban kowa, akwatin yana nan ana ganinsa, in an sami ƙari an san daga ina ya fito: wance ta ranta ta yi ƙuli-ƙuli, ta mayar. Adashi ba ya bukatar baƙi su yi ta shigowa kafin a biya na ciki. Ko a fikihun kasuwanci, wanda ya ba da jari a juya masa rabon riba ake yanka masa, rabi ko sulusi, kuma ya san ana iya faɗuwa. Wanda ya ce maka riba tabbas, adadi kaza, rana kaza, babu asara, to ba ciniki yake kira ka ba.

Kada mai sefa ya ɗauka cutar ta masu naira ce. A Kwatano, ICC Services ta tara ajiyar dubban mutane da alkawarin ribar da ta kai ninki biyu, masu ita suna yawo da rigar addini da ta taimakon jama'a, har ta rushe a 2010 da sama da biliyan 100 na sefa. Ministan cikin gida na Benin ya rasa kujerarsa a kan maganar, shari'ar kuwa sai a farkon 2019 aka yanke ta.

Yanzu abin ya koma cikin salula, kuma salula ba ta tsayawa a shingen kwastan. Gabi tana bakin iyaka, samarinta suna cin rani a Katsina da Kano da Legas, suna cikin zaurukan WhatsApp ɗaya da abokansu na can. A Afrilun 2025 wani dandali mai suna CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a Nijeriya. Ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, wai wata na'ura mai basira ce take cinikin kuɗin intanet a madadinka kana barci. Yana da ofisoshi, yana nuna takardar rajistar kamfani, amma SEC ta ce ba ta taɓa ba shi izinin karɓar jarin kowa ba. Rajistar kamfani daban, lasisin karɓar ajiyar mutane daban. A Nijar ma takardar rajistar kasuwanci ta RCCM da lambar haraji ta NIF ba su ba kowa damar tara kuɗin jama'a ba. Banki yana ƙarƙashin sa idon babban bankin BCEAO, ƙananan asusun ajiya da lamuni suna ƙarƙashin ARSM a Yamai, masu neman jarin jama'a a kasuwar kuɗi kuwa sai da amincewar AMF-UMOA da ke Abijan. Duk wanda ya zo maka da irin wannan tayi, tambaye shi wace hukuma ce ta ba shi izini, me ake saye da sayarwa da har ya haifi ribar, kuma me ya sa za a ba shi lada in ya kawo ka. In ya ce ka yi sauri kafin a rufe, ko ya ce kada ka gaya wa maigida tukuna, ka riƙe kuɗinka.

Da CBEX ya rufe, fusatattu suka fasa ofishinsa na unguwar Oke-Ado a Ibadan, suka kwashe kujeru da na'urorin sanyaya ɗaki. Su kuwa masu dandalin suka aiko da sabon saƙo: duk mai son a buɗe masa asusunsa ya biya dala 100 ko 200 ta Amurka, kuɗin tantancewa. Akwai waɗanda suka ranto suka biya.