Gero a Gona, Gero a Buhu

Ranar Lahadi, in kasuwar Jibiya ta cika, je ka layin 'yan hatsi ka tsaya ka ga yadda ake sayen gero. Wani zai zo da kuɗinsa, ya tura hannu cikin buhu, ya damƙo, ya watsa ƙwaya biyu a baki, ya tambayi nawa tiya, ya biya, ya kama gabansa. Wani kuwa tun bai taɓa buhun ba zai ce wa mai shi, "Wannan ai na gonar nan ne ta bakin gulbi, na gan shi yana bununi." Su biyun gero ɗaya za su kai gida, fura ɗaya za a dama musu. Sai dai na biyun in ya kafa kai a ƙwarya, da labari yake haɗiya: ya san shekarar da ruwa ya yi jinkiri, ya san sau nawa aka yi shuka kafin ta kama.

Ni a harkar kallon kokawa ina cikin irin na biyun, kuma na daɗe ina zaton wannan cuta tamu ce mu kaɗai, mutanen bakin iyaka, sai da ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar Nebraska ta Amurka ya soma turo mini saƙon murya.

"Kawu, yau na je wani kallo, kai na riƙa tunowa," in ji shi. Watan Yuni ne, mu nan muna dubin sama muna jiran ruwan shuka. Ashe ya je birnin Omaha ne, inda ake kammala gasar besbol ta jami'o'in ƙasar. Tun 1950 a garin ake yin ta, ba ta ƙaura. Jami'a 64 ke shiga, a yi ta tankaɗe da rairaya har takwas su rage, su ne ke zuwa Omaha. Da na ji takwas sai na gyara zama, don mu ma namu takwas ne.

Wasan kansa, yadda ya kwatanta mini, ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya san fatauci. Kowane gefe mutum tara. Ɗaya ya jefo ƙwallo mai tauri, girmanta bai wuce lemon zaƙi ba, da gudun da kan haura kilomita 150 a awa. Ɗayan yana tsaye da gora yana jira ya make ta. In ya same ta sai ya jefar da gorar ya zura a guje. Akwai zango uku a gabansa, na huɗu shi ne wurin da ya tashi, kuma su da kansu "gida" suke kiransa. Ko ya kai zango na uku, ba a rubuta wa ƙungiyarsa komai sai ya taka gida. Na ce masa ai wannan kowane ɗan kasuwar Jibiya ya san shi. Ka wuce Magama, ka wuce Ɗan Isa, ka sayar a Maraɗi, ka canza sefarka. Ba a ƙirga riba sai an ga ƙeyarka a zauren gidanku.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka raba wasan hawa biyu. A sama akwai ƙwararru, ƙungiya 30, kowace tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ke nan, sannan a yi na ƙarshe a Oktoba. Nan ne kasuwar. Nan ake saka wa mutum farashi: a Disamban 2023 ƙungiyar Dodgers ta Los Angeles ta ɗauki wani Bajapane, Shohei Ohtani, kan dala miliyan 700 na shekara goma. Dalar Amurka fa, ba dalar mutanen Maraɗi ba, wadda sefa biyar ce. A ƙasa kuma akwai 'yan makaranta, masu farawa tun Fabrairu cikin sanyi su ƙare a Yuni. Ƙwararru da gorar itace suke duka, 'yan makaranta da ta ƙarfe, har ya ce ko idonka a rufe ƙarar za ta gaya maka inda kake. A watan Yuli sai manyan ƙungiyoyi su zauna su zaɓi yaran da suka yi fice, zagaye 20, kamar dillalai sun sauka ƙauye bayan girbi. Wanda aka zaɓa ma ba a kai shi sama kai-tsaye. Akan tura shi ƙananan ƙungiyoyi ya ƙara nuna, kuma wannan tsari "gona" suke ce masa da harshensu. Da ya faɗi haka sai da na sa ya maimaita.

To mu namu hawa biyun ga yadda yake.

Na ƙasa shi ne kokawar kaka. In an yanke gero, an ɗaure damuna, rumbu ya cika, ciki ya ɗauka, sai ganga ta soma tashi a dandali da dare. Samarin wannan ƙauye su taka zuwa wancan. Babu tikiti, babu alƙali mai usur, sai dattawan da suka taɓa yi a zamaninsu suna zaune gaba-gaba, su ne ke raba gardama. Yaron da ka gani da rana yana kora jaki da damin kara, shi ne za ka gani da dare ya ɗaura guru a ƙugu, kambu a dantse, yana zagaya fage yana kirari. In ya yi kaye, ladansa goro, ko 'yan kuɗin da aka liƙa masa a goshi, ko guɗar wata da ya daɗe yana so ta dube shi. A nan ne ake ganin gero a gona. A nan za ka ga yaro mai ƙarfi marar dabara, da siririn da ba ka ba shi komai ba amma ƙafarsa kamar an dasa ta. Rabin daɗin kallon shi ne cacar da kake yi da zuciyarka: wannan zai kai, wancan ba zai kai ba. Sau da yawa ka faɗi. Manomi ma yakan yaba wa gona a watan Agusta, ya zo ya sha mamaki ranar sussuka.

Na saman yana ƙetaren iyaka, shi ne kokawar takobi ta Nijar. An fara ta a Tawa a 1975, zamanin Seyni Kountché, kuma wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan Maraɗi ne, Yakuba Ango, wanda duniya ta sani da Kantu. Filin kokawar Maraɗi sunansa yake ɗauke da shi. Jiha takwas ke haɗuwa: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa, Tilaberi da Damagaram, kowace da 'yan kokawa goma, tamanin ke nan, kuma kowace shekara wata jiha ce ke karɓar baƙi. 'Yan shekarun nan a ƙarshen Disamba ake yi, cikin hunturu, kwana goma ko kusa da haka. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi takobi da doki da miliyoyin sefa. Waɗanda ke zuwa nan an riga an sheƙe su an tsince tsakuwa. Gero ne a buhu, an ɗinke baki, an rubuta suna.

In ana yi, Jibiya takan koma kamar wata unguwa ta Maraɗi. Teburin mai shayi ya cika, kowa ya ƙura wa waya ɗaya ido, wani ya kama Télé Sahel a shago, direbobi a tasha suna musu kamar za su daku. Kuma kusan kowa Maraɗi yake goyon baya, ba tare da an yi shawara ba. Baƙo zai yi mamaki, mu ba ma yi. Sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa Maraɗi bayan jihadi ya fitar da su daga birni, har gobe sarkin can Sarkin Katsina ake ce masa. Ruwan Gada da aka tare a dam ɗin Jibiya shi ne ke gangarawa ya zama Gulbin Maraɗi. Da wuya ka sami gida a nan da ba shi da goggo ko suruki a can. In ɗan Maraɗi ya sha ƙasa, a nan ma akwai masu kasa cin tuwon dare.

Akwai wuri ɗaya da na ga mun bambanta da masu besbol ƙwarai, kuma mun yi ta ja-in-ja a kai da ɗan ƙanwar tawa. A wasansu faɗuwa abincin yau da gobe ce. Ƙungiyar da ta fi kowa a shekara takan sha kashi sau sittin ko kusa da haka cikin 162. Ko Seattle Mariners da ta ci wasa 116 a 2001, abin da har yanzu ake ba da labari, sai da ta faɗi sau 46. Mai dukan da ake kira gwani, cikin fita goma sau uku kawai yake dacewa, bakwai ya koma ya zauna. Saboda haka mai kallonsu ya koyi haƙurin manomi: yau fari, gobe ruwa, jibi tsutsa, lissafi sai kaka. Magoya bayan Chicago Cubs sun jira kofi daga 1908 har 2016, shekara 108. Kaka ya mutu yana jira, jika ya gada. A kokawar takobi kuwa babu gobe. Ka taɓa ƙasa sau ɗaya, kai da takobi sai baɗi. Kowace yamma ana ƙirga waɗanda ba su faɗi ba, adadin yana raguwa kamar hatsi a rumbu cikin bazara. Wannan ba noma ba ne, ya fi kama da mai ɗauke da tulu a ka: tuntuɓe ɗaya ya isa.

Shi yana ganin nasu ya fi adalci, don ƙwarewa ce ke fitowa in an daɗe ana gwadawa, ba sa'ar yini ɗaya ba. Ban ƙi ba. Amma na ce masa ya dubi Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, da ya ɗauki takobinsa na shida a Agadas a Disamban 2023. Mutum ya ratsa wannan siraɗi sau shida, kowane karo ba tare da ya faɗi ko sau ɗaya ba, wa zai ce sa'a ce? Shekarar da ta biyo kuma, a Doso, gaban dangin Isaka Isaka, Abba Ibrahim na Yamai ya karɓe takobin. Daren nan ba a tashi daga teburin mai shayi da wuri ba.

Waccan ta Agadas ina tuna ta saboda wani dalili. A lokacin iyaka a rufe take tun watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, kuma ba a buɗe ta ɓangarenmu ba sai Maris na 2024. Kafin nan ma mun sha wani rufin daga Agustan 2019, wanda bai saki Jibiya ba sai Afrilun 2022. Manyan motoci sun yi layi, masu dako sun zauna, 'yan canji suna hamma. Amma kokawa ba ta nemi takardar kowa ba, ta shigo ta waya ta same mu har gado. A watannin nan ita ce kaɗai hajar Nijar da na ga ta tsallako ba a tsayar da ita a hanya ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu yaran. A Amurka makaranta ce gonar, kuma hanya a share take daga gona zuwa kasuwa. A Nijar yaro yakan fara daga dandalin ƙauye, ya yi fice a gundumarsu, jiha ta zaɓe shi cikin goma. A ɓangarenmu gonar tana nan, kasuwar ce babu. Takobi na 'yan Nijar ne, kuma ba mu da wata gasa da ta kama ƙafarta a daraja ko a kuɗi. Ɗan dambe ya fi ɗan kokawa sa'a, don shi yana da gidajen dambe a birane inda zai ci abinci da hannunsa. Yaron da na ga ya kayar da mutum huɗu a dare ɗaya wata kaka, bayan shekara biyu na same shi yana ɗaukar jarkoki a babur. Ya gaishe ni, "Baba, ina wuni," na tambaye shi kokawa, ya yi dariya ya ce ƙugu ya yi nauyi. Gonar ma tana ƙanƙancewa: ƙauyuka da yawa a yammacinmu da kudu sun daina kiɗan dare saboda 'yan bindiga, wasu ma sun watse sun dawo cikin gari. Inda ake yi, da la'asar ake farawa a tashi kafin magariba, kuma kokawar da babu farin wata a kanta kamar fura ce ba nono.

Duk da haka ban daina zagayawa ba. Kakar da ta wuce, a wani ƙauye da ke kan hanyar Katsina, na ga wani yaro da bai wuce sha bakwai ba, baƙi, gajere, mai kaurin wuya. Ba ya gaggawar kama mutum. Yakan bari a turo shi har sai abokin karawa ya saki jiki, sannan ya sunkuya ya ɗauke ƙafa. Na ɗauki hotonsa na tura Nebraska. Amsa ta zo da asuba: "Kawu, in a nan ne da tuni masu littafi sun zauna a gefen fage suna rubuta sunansa." Na tambayi wani dattijo ko ɗan wane ne, ya ce ai uwarsa mutuniyar Madarunfa ce ta ƙetaren iyaka, kuma kawunnansa sun soma zancen ya koma can wajensu bayan salla.