Ruwa Kaɗai Ba Ya Yin Kurmi: Raddi Kan Dashen Goro a Ƙasar Kunci

Akwai wata magana da ta yi ƙarfi a 'yan shekarun nan. Ana jin ta a majalisa, ana jin ta a bakin kasuwa, tana kuma yawo a wayoyin matasa: wai babu abin da ƙasarmu ba za ta yi ba in dai an ba ta ruwa da taki. Mai wannan magana zai nuna maka dashen goro, ko na kwakwar manja, ko na koko, cikin baƙar leda, ganye kore shar, ya ce ga shi nan a Kano aka raya shi. Daga nan sai lissafi ya biyo baya. Tunda mu ne masu cin goro, me zai sa kuɗinmu ya riƙa tafiya Kurmi? A haƙa burtsatse, a ɗora sola, a dasa goro da namijin goro daga Kunci zuwa Shuwaki da Kasuwar Kuka, nan da shekaru kaɗan mu ma mu riƙa loda mota.

Ina ganin girman masu wannan ra'ayi, domin kishi ne ya haife shi, kuma ba da hannu biyu wofi suka zo ba. Mangwaro daga Indiya ya taso, darbejiya ma haka, ga su yau sun zama 'yan gida a kowane ƙauye. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974, yankin Kadawa da Kura yake fitar da alkama da tumatir a tsakiyar rani. Nan kusa da mu, ruwan dam ɗin Gari ya ba mutane da yawa noman rani a inda dā sai cirani. Wanda ya ga wannan da idonsa, ba laifi ba ne in ya ce saura goro.

Sai dai baƙin da suka zauna da mu duk suna da hali guda: daga ƙasashe masu dogon rani suka fito, ko kuma amfanin 'yan watanni ne da ake girbewa a huta. Mangwaro ma sai ya ji rani yake yin fure sosai. Goro kuwa ɗan kurmi ne tun asali. Ƙarƙashin manyan itatuwa yake tasowa, a inda ruwan sama ke kaiwa milimita 1,200 zuwa sama a shekara, yana sauka a tsawon watanni da yawa, kuma ko an ɗauke ruwa iska ba ta rabuwa da laima. A arewacin Kano, shekara ta tsaka-tsaki ba ta cika wuce milimita 800 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba. Sauran watannin na hunturu ne da bazara.

Za a ce ai wannan giɓin burtsatse zai cike. Nan ne gizo yake saƙar. Burtsatse saiwa take shayarwa, alhali yaƙin a ganye ake yin sa. Kowane ganye yana da ƙananan kafofi da yake shaƙar iska da su, kuma ta nan ruwan jikinsa yake fita. Da tsakar rana a watan Janairu zuwa Maris, laimar iska a ƙasar Kano takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Duk matar da ta taɓa shanya wanki da hunturu ta san yadda zane ke bushewa kafin ta gama ɗauraye na biyu. Haka iskar take yi wa faffaɗan ganyen goro. Ruwa yana fita fiye da yadda saiwa za ta iya turowa, ko da gindin yana cikin laka. Sai itacen ya rufe kafofinsa don ya tsira, in ya rufe kuma ya daina haɗa abincinsa.

Ku dubi dashen da aka sa a fili da damina. Har zuwa Oktoba lafiya lau, sabon ganye yana fitowa da sheƙi. Sanyi na shigowa sai bakin ganyen ya fara yin ruwan ƙasa, kamar an lasa masa wuta. Ƙura ta kwanta a kansa, ya nannaɗe, in ka taɓa ya karye. Mai shi ya ga haka sai ya ƙara ruwa safe da yamma, saiwa ta rasa numfashi ta fara ruɓewa, gara ta samu ƙofa. Wanda ya tsallake wannan, zafin Afrilu da kan kai digiri 40 yana jiran sa. Shi ya sa hotunan da ake nuna mana kusan kullum na dashe ne a leda, ko ɗan shekara ɗaya ko biyu. Abin da ya kamata a nema a gani shi ne gona mai shekara 10 da huhunan da aka ɗaure daga cikinta.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Tsohon littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci cewa Sarkin Nupe ya aika wa Sarauniya Amina goro 10,000, kuma a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanyoyi daga Borno zuwa Gwanja. Hausawa sun daɗe suna fataucin goro. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sun yi suna a wannan hanya, kamar yadda Paul Lovejoy ya bi diddigi a littafin da ya fitar a 1980 kan fataucin goron Hausawa. Madugu yana gaba, ayarin jakuna a baya da kanwa da tufafi da jemammun fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, watanni a kan hanya, ga 'yan fashi ga kuɗin fito. Kowane goro da ke cikin kayansu iri ne da zai iya tsirowa. Waɗannan mutane 'ya'yan manoma ne, sun san fadama, sun san ban-ruwa da jigo. Da shuka shi a gida zai yiwu, da ba su shafe ɗaruruwan shekaru suna sayar da rai a hanya ba.

Ita kanta Salaga, babbar kasuwar Gwanja, ba ta noman goro. Daga kurmin Asante ake hauro da shi. Bayan da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a wajajen 1912, itacen goron da muke ci ya bazu a ƙasar Yarabawa, wajen Agege da Ota da Shagamu, saboda buƙatar kasuwar Arewa. Wato itacen ya yi ƙaura, amma daga kurmi zuwa kurmi. Mu kuma muka bi shi da jari da sanin kasuwa, aka kafa Sabo a Ibadan da Shagamu, irin su Alhassan Ɗantata kuwa tun kafin nan suka fara gina arzikinsu a kan goro. Ko goron Laboji na ƙasar Nupe, wanda ya yi suna, a cikin kurmin bakin rafi yake, a ƙasar da ta fi mu ruwa nesa ba kusa ba.

Na taɓa tambayar wani dattijo mai sayar da goro, yana zaune yana tsince masu sankara daga cikin huhu, yana sauya busasshen ganyen fita da ɗanye. Na ce, "Baba, tunda goron nan iri ne, me ya hana ku shukawa?" Ya yayyafa ruwa a kan algarara, ya mayar ya rufe, sannan ya ce, "Ɗana, ɗan da nake ɓoyewa daga iska kullum don kada ya yanƙwane, uwarsa zan kai gona in bar wa hunturu?"

Lamarin namijin goro ya fi wannan nauyi. Itace ne daban da goro, kuma ko a mahaifarsa yana ƙaranci. Ƙungiyar IUCN, mai lura da halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa, ta sa shi cikin jerin masu rauni, saboda saran daji da kuma sare shi da ake yi don asuwaki. Ƙwayarsa takan ɗauki watanni kafin ta tsiro, in ta bushe kuma ta mutu. Wanda aka raya daga ƙwaya yakan kai shekara 7 zuwa 15 kafin ya fara 'ya'ya, kuma galibi akwai itace namiji da mace, ba za ka bambance su ba sai sun yi fure. Goro na ci ma yakan kai shekara 6 ko 7, kuma da yawa ba sa 'ya'ya sosai sai da barbara daga wani itacen. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964 kuma goro yana cikin aikinta, har yanzu tana fama da matsalar ƙarancin 'ya'yansa a can inda yanayi ya yi masa daidai.

Ban ce ba za a iya raya shi ba sam. A lambun Kew na birnin Landan akwai gidan gilashi da aka kammala a 1848, inda itatuwan kurmi suke rayuwa cikin sanyin Ingila, domin an gina musu ɗumi da laima da kuɗi. Mai sha'awa a Kunci zai iya kwatanta hakan a tsakar gida. Ya nemi ɗanyen goro lafiyayye, ya sa shi a leda da ƙasa mai ruɓaɓɓen taki, ya ajiye a inuwa, ya yi haƙuri wata biyu ko uku. In zai dasa, ya zaɓi lungun da katanga ta tare iskar gabas, ya riga ya kafa ayaba don inuwa, ya zagaye da zana, ya rufe gindin da busasshen ganye, yana dubawa saboda gara, yana tsare shi daga awaki. Ruwa daidai gwargwado, kada ya kwanta. Kuma ya dasa fiye da ɗaya. Wannan abu ne mai kyau, musamman a makaranta, don yara su ga itacen da ake ɗaurin aure da raɗin suna da 'ya'yansa. Amma raya itace biyu don ado da ilimi daban, jingina abincin iyali da shi daban.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Gonakinmu ƙanana ne, gado ya raba su gunduwa-gunduwa, ba a bar wa ƙasa hutu. Attajiri zai iya gwaji ya yi asara ya kwana lafiya. Talakan da ya sayar da bijimi ya sayi dashe, ya ware rabin gonarsa shekaru ba gero ba wake, ya sare gawo don wai ya buɗe fili, shi ne ya saki reshe ya kama ganye. Gawon nan da damina yake kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana da taki, da rani kuma ya ba dabba inuwa da 'ya'ya. Binciken Michael Mortimore da abokan aikinsa, tun daga shekarun 1960, ya nuna cewa manoman karkarar Kano, duk da yawan jama'a, sun riƙe itatuwan gonakinsu da kyau. A Maradi da Damagaram, sassabin zamani da ya kankama a shekarun 1980, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski, ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, ba leda ba burtsatse.

Saboda haka, ga 'yan uwana masu kishin Arewa, kada kishin ya mutu, a juya shi inda zai haifu. Mai son arzikin goro ya shiga ta ƙofar da kakanninmu suka shiga, ta sayayya da adanawa da kasuwa, ko ya haɗa hannu da manoman Kurmi a raya namijin goro a inda zai rayu. Mai ruwa a Kunci ya sa mangwaro da gwaiba da zogale, ya bar tohon gawo da ɗorawa da tsamiya da kanya su tashi. Wanda kuma aka kawo masa dashen kurmi aka ce ya saya ya cika gona, ya yi tambaya ɗaya kafin ya zare kuɗi: a kai ni gonar da ta yi hunturu goma a ƙasar nan, in ga 'ya'yanta da idona.