Gaban goshi: na gado da na kitso

Duk wanzamin da ya daɗe da aska a kasuwar Birnin Gwari ya san babu kai biyu da gashinsu ya tsiro iri ɗaya. Wani gashinsa ya zagaye goshi, wani ya shige ciki ta gefe biyu ya bar tsini a tsakiya, wani kuma ya miƙe sak. A tsakar ka akwai inda gashi ke murɗawa, a yawancin mutane yana bin hannun agogo, wasu ma murɗa biyu gare su. Tun a cikin uwa ake tsara wannan, ba ciwo ba ne.

Likitocin Koriya ta Kudu sun ba abin muhimmanci har suka karkasa siffofin goshi, domin a birnin Seoul mata na biyan kuɗi a dasa musu gashi a rage faɗin goshi. Gashinsu silinsa zagayayye ne, mai kauri, miƙaƙƙe. Namu daga lanƙwasasshen rami yake fitowa, shi ya sa yake nannaɗewa, yake saurin karyewa, kuma tsawon da yake ƙarawa a wata bai cika kai santimita 1 ba. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba abin tashin hankali ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne kitso. Matan Gwari sun shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa don mutunta kai, amma yau ga 'yar shekara 5 a gaban makitsiya, an ɗaure mata shuku tamau har girarta ta ɗage, uwa na cewa, "Daure, 'yata, ado sai da wahala." Wani bincike da aka wallafa a 2007 a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya gano kusan mace 1 cikin 3 gaban goshinta ya ci baya saboda irin wannan ja, kuma abin ya fi muni idan an shafa man miƙar da gashi.

Ƙuraje a bakin kitso da ciwon kai su ne gargaɗin farko. In an sassauta da wuri, gashin zai dawo. In ramin ya mutu ya zama tabo, ko an kwashe man kaɗanyar dajin Kamuku kaf an shafa, laushi kawai fatar za ta yi. Sanƙon maza kuwa daban ne, gado ne da sinadarin namiji. Yaron da kansa ya yi faci-faci da ɓawo, wannan ƙora ce, a kai shi asibiti a ba shi maganin sha.