Debian da Arch Linux: Hanyoyi Biyu na Sakin Manhaja

Debian da Arch Linux duka manhajojin tafiyar da kwamfuta ne da ake bayarwa kyauta, kuma 'yan sa-kai daga ƙasashe daban-daban ne ke gina su ta intanet. Ian Murdock ya kafa Debian a 1993, Judd Vinet ɗan Kanada kuma ya fara Arch a 2002. Abin da ya raba su shi ne lokacin da kowannensu yake ganin ya dace sabon aiki ya isa hannun jama'a.

Mutanen Debian ba sa gaggawa. Sabuwar manhaja takan fara shiga rukunin da suke kira sid, inda kowa ya san za a iya cin karo da matsala. In ta yi kwanaki ba a ga wata babbar illa ba, sai ta wuce rukunin gwaji. Idan fitarwa ta gabato, sai a rufe ƙofar sababbin abubuwa na tsawon watanni, kowa ya duƙufa kan gyaran kurakurai. Kusan duk shekara biyu ake sakin cikakken bugu, da lamba da suna daga fim ɗin Toy Story: Debian 12, bookworm, ya fito a watan Yunin 2023, Debian 13, trixie, a Agustan 2025. Sanarwar takan zo da dogon bayani kan abin da ya canza da yadda za a ƙaura daga tsohon bugu lafiya.

Arch ba ta da irin wannan babbar rana. Sau ɗaya ake girka ta, daga nan sababbin abubuwa su riƙa shigowa ta manhajar pacman, galibi 'yan kwanaki bayan masu su sun sake su. Sanarwarta gajera ce, sau da yawa gargaɗi ne cewa sabuntawa kaza tana buƙatar mai kwamfuta ya sa hannu da kansa. Wanda ya danna bai karanta ba yana iya wayar gari kwamfutarsa ta ƙi tashi. Akwai kuma rumbun AUR, inda kowa ke ajiye umarnin haɗa manhaja, kuma nauyin dubawa kafin girkawa yana wuyan mai ɗauka.

Kowace hanya ta samu masu bin ta. Manhajar Ubuntu a kan Debian aka gina ta tun 2004. Kamfanin Valve kuwa ya bar Debian ya koma Arch lokacin da ya fitar da na'urar wasanni ta Steam Deck a 2022.

A ganina, Debian ta fi dacewa da makaranta, ofis, da duk mai lissafin kuɗin data, domin ita ke ɗauke wa mutum wahalar gwaji. Arch ta mai son sanin cikin kwamfutarsa ce, wanda ke da lokacin karatu. Kafin ka zaɓa, ka fara auna lokacinka da haƙurinka.