Shari'ar Hadijatou Mani

Yau za mu leƙa Jamhuriyar Nijar, yankin Birnin Ƙonni.

A shekarar 1996 aka sayar da wata yarinya 'yar shekara 12, Hadijatou Mani, a kan jika 240 na kuɗin sefa. Dalilin kawai shi ne uwarta baiwa ce. Wanda ya saye ta yana da matansa huɗu, ita kuwa sai ta zama abin da ake kira wahaya, ko sa-ɗaka. Ba sadaki, ba ɗaurin aure, sai aikin gida da na gona, da duka, da kwanan dole. Shekara tara tana cikin wannan hali, har ta haihu a gidan.

A lura, a lokacin ba a rasa doka ba. Tun 1948 Majalisar Ɗinkin Duniya ta haramta bauta a sashe na 4 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam. Yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta 1981 ta maimaita haka a sashe na 5. Nijar kanta ta mai da bauta babban laifi a 2003.

A 2005 maigidan ya ba ta takardar 'yanci, amma ya hana ta fita. Wai ai matarsa ce. Ta kai ƙara kotun Ƙonni ta yi nasara, kotun gaba ta soke hukuncin. Da ta auri wanda take so, sai aka tuhume ta da aure kan aure, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, jama'a. Wadda aka saya kamar akuya a kasuwa, ita ce ta kwana a gidan kaso.

Wata ƙungiya mai suna Timidria da wasu lauyoyi suka tsaya mata, aka kai maganar kotun ECOWAS. Mazaunin kotun Abuja ne, amma alƙalan suka taso har Yamai don su ji daga bakinta.

Ranar 27 ga Oktoba, 2008, suka yanke hukunci. Suka ce bauta aka yi mata, kuma gwamnati ta gaza kare ta. Hujjarsu ita ce alƙalan cikin gida sun ji da kunnensu ana kiran mace baiwa, suka ci gaba da shari'ar aure kamar ba su ji komai ba, alhali wajibinsu ne su ɗauki mataki ko da ba wanda ya roƙe su. Kotun ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10, gwamnatin Nijar kuma ta karɓi hukuncin.

Shekarunta 24 a ranar da aka karanta shi.