Tsatsar Ƙafafun Mota: Jan Hankali ga Direbobi da Jami'ai a Yankin Dutsin-Ma da Kurfi

Da zarar damina ta ja baya, motocin da ke bin hanyar Katsina zuwa Kurfi da Dutsin-Ma sukan shiga aikin kwasar gero, dawa da wake daga ƙauyuka zuwa kasuwanni. A wannan lokaci ne mota ke ɗaukar lodi mafi nauyi, alhali ta shafe watanni tana kutsawa cikin ruwa da taɓo. Saboda haka muka ga ya dace mu yi bayani a kan tsatsar da ke cin ƙafafun mota, wato sifirin, shokozoba, hannuwan ƙarfe da ke riƙe taya, da kusoshin da suka ɗaure su a jikin shasi. Waɗannan sassa su ne ke ɗauke da nauyin mota, kuma idan ɗaya ya karye ana cikin gudu, sitiyari na iya ƙwacewa direba.

Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da danshi da iska, gishiri kuma yana ƙara mata sauri. A yankinmu abubuwa uku ne suka fi jawo ta. Na farko shi ne taɓon da ke maƙalewa a ƙarƙashin mota, musamman a watan Agusta, da kuma a hanyoyin fadama na kewayen madatsar ruwa ta Zobe, domin taɓo yana riƙe danshi kwana da kwanaki. Na biyu shi ne takin zamani irin su Urea da NPK, da fitsarin dabbobi, waɗanda ke zuba a bayan a-kori-kura su gangara kan ƙarfe. Na uku kuwa shi ne motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, inda ake barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara. Da yawansu suna isowa da tsatsa a ƙasa, ko da fentin sama yana ƙyalli.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne a bambanta tsatsa iri biyu. Akwai ta sama, mai launin ja, wadda idan an kankare ta sai a tarar da ƙarfe lafiyayye. Akwai kuma wadda ta ci ciki, inda ƙarfen ke kumbura yana ɓamɓarewa. Bakanike zai iya ganewa ta hanyar ƙwanƙwasa wurin da ƙaramar guduma ko danna shi da sukundireba. Idan ƙarfen ya lotsa, ya huje, ko aka ga tsaga, to wannan sashe ya gama aiki.

Tsatsar sama tana da saukin magani. A wanke ƙarƙashin motar, a bari ya bushe sarai, a goge wurin da burushin ƙarfe da samfefa, a shafa jan fentin kariya, sannan a bi shi da fenti. A kula kada mai ko fenti ya taɓa birki. Haka nan muna gargaɗi game da al'adar fesa tsohon baƙin mai a ƙarƙashin mota, domin yana lalata robobin ƙafa, yana kuma tara ƙura. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, sai an tokare ta da abu mai ƙarfi a kan ƙasa mai tauri.

Amma sashen da tsatsa ta ci cikinsa, canja shi ake yi. Yi wa sifirin walda ganganci ne, saboda zafin wuta yana kashe ƙarfinsa, sai ya sake karyewa a daidai wurin. Idan za a canja sifirin ko shokozoba, a canja na dama da na hagu tare, sannan a kai motar a daidaita tayoyi. Direban da ya ji ƙarar ƙarfe yayin faɗawa rami, ko ya ga motarsa ta karkata gefe guda, ko taya na cinyewa ta ɓangare ɗaya, kada ya jira sai ranar kasuwa ta wuce.

Har ila yau, muna kira ga jami'an ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi da su riƙa duba motocin asibiti da na aikin gona sau biyu a shekara, kafin faɗuwar damina da bayan ɗaukewarta. Muna kuma roƙon hakimai, dagatai da shugabannin tasha su isar da wannan saƙo ga direbobi. Mai shirin sayen mota kuwa, ya sa a ɗaga ta ya ga ƙasanta da idonsa kafin ya biya kuɗi. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai kowa gida lafiya.