Yadda Za a Sami Injunan Aiki Na Da Don Ƙaramar Hanyar Jirgi Ta Aji

Kowane malami ya san yaro ya fi riƙe abin da ya gani da idonsa, ya kuma taɓa da hannunsa, fiye da abin da aka karanta masa. Saboda haka ake koya mana aikin hannu a kwalejin nan. A cikin abubuwan da malami zai iya ginawa da yaransa akwai ƙaramar hanyar jirgin ƙasa bisa tebur, da tasha, da gada, da ma'aikata suna tsakiyar aiki. Tebur ɗaya yakan ɗauki darasin tarihi da na labarin ƙasa da na lissafi gaba ɗaya. Jirgin da dogon ba su cika ba da wahala ba. Inda ake shan wuya shi ne wajen samun ƙananan injunan aiki waɗanda suka dace da zamanin da ake so a nuna.

Abu na fari, sai malami ya tsai da shekara. In ya ajiye injin da bai dace da shekarar ba, to, ya koya wa yara ƙarya, ko da bai buɗe baki ba. Ga misali. An fara hanyar Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan hanyar jirgi ne, dogo ya isa Kano a 1911. Tsawonta ya ɗara mil 350. Ta kogin Kwara aka riƙa kawo ƙarafa da kayan aiki a jiragen ruwa, a sauke a Baro. Amma fasa ƙasa, da cike kwari, da sare daji, duk hannun mutane ne ya yi su, da diga da shebur da kwando a ka. Da yawansu ba don son ransu suka je ba, sarakuna da hakimai aka ɗora wa tara su, abin da tsofaffi ke kira aikin diga. Kamfanin Caterpillar, wanda daga sunansa muka sami kalmar katafila, sai a 1925 aka kafa shi a Amurka. Kun gani, wanda ya sa katafila a gefen hanyar Baro ya ƙwace wa kakanninmu guminsu ya ba inji.

Mai son nuna injuna sai ya ɗauki hanyar Barno. An fara ta daga Kuru, kusa da Jos, a 1958, da rancen da Bankin Duniya ya ba Nijeriya a shekarar, ta bi ta Bauci da Gombe, ta isa Maiduguri a 1964. Wannan zamanin katafila ne da gireda da tifa da injin daɓe. Mai son na yanzu kuwa ga shi a ƙofar gida, watau hanyar Idu zuwa Rigasa da aka buɗe a 2016, mai tsawon kilomita 186. Mu da ke Lugbe, a bakin titin filin jirgin sama, kullum muna ganin irin manyan injunan nan suna wucewa.

Abu na biyu shi ne awo. Dole kowane abu da ke kan tebur ya ƙanƙance daidai da ɗan'uwansa, kada direba ya fi motarsa tsawo. Ƙaramin dogon da aka fi sayarwa a duniya faɗinsa milimita 16.5 ne. In ka ninka shi sau 87 za ka sami 1,435 da ɗan ɗigo, wanda shi ne faɗin sabuwar hanyar Abuja zuwa Kaduna. In ka ninka shi sau 64 za ka sami 1,056. Tsohuwar hanyarmu kuwa ƙafa 3 da inci 6 ce, watau milimita 1,067, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ashe dogo ɗaya zai yi aiki biyu. Mai nuna sabuwar hanya ya raba tsawon kome da 87, mai nuna tsohuwa ya raba da 64. Mutum mai ƙafa 6, in an raba da 64, ya zama inci ɗaya da ɗaya bisa takwas. Wannan lissafi yara su za su yi shi a allo, kada malami ya yi musu.

To, ina za a sami injunan? Kamfanoni biyu na Ingila suka yi suna wajen ƙera su da ƙarfe. Dinky Toys ya fito a 1934, daga kamfanin Meccano na birnin Libaful, aka rufe masana'antarsa a 1979. Matchbox kuma na kamfanin Lesney ne na Landan, ya fito a 1953. Abin sha'awa, kayansa uku na farko duk na aikin gini ne: injin daɓe hanya, da ƙaramar motar juye ƙasa, da injin kwaɓa siminti. Siffarsu ta yi daidai da zamanin hanyar Barno. Lesney ya karye a 1982, sunan Matchbox ya koma hannun waɗansu. Saboda haka in ka juya cikin mota ka ga sunan Lesney da na Ingila, ka san tsohuwa ce ta gaske.

Masu tara irin waɗannan a Turai da Amurka suna sayar da su ta intanet, amma mai kyau da ke cikin kwalinta kuɗinta ya fi ƙarfin ɗalibi, ga kuma kuɗin aikowa. Mu ba adana za mu yi ba, koyarwa za mu yi, don haka wadda fentinta ya goge ta ishe mu. Sai a duba wurin 'yan gwanjo, waɗanda ke zube tsofaffin kayan wasan yara a tabarma, a yi haƙuri a tona. A tambayi tsofaffin ma'aikatan reluwe da iyalan da suka daɗe a Zariya ko Kafancan ko Minna, wani lokaci akan tarar da irinsu a ƙasan akwati. In aro aka bayar, a rubuta sunan mai shi, a mayar ran da aka yi alkawari.

Akwai abin lura guda biyu. Na ɗaya, Lesney ya ƙera motocinsa ne don su shiga kwali mai girman na ashana, babbar tifa da ƙaramar mota duk tsawonsu kusan ɗaya. Sai ka yanki ɗan mutum na kwali bisa awonka, ka sa shi a aljihu in za ka kasuwa. In ka tsai da shi kusa da injin ka ga zai iya zama a kujerar direba, saya. In ba haka ba, bar ta. Na biyu, tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, wadda ke cutar da yara. A wanke, a shafa sabon fenti, a hana ƙanana sa su a baki.

In an nema ba a samu ba, ba a rasa kome ba. Tun kafin kayan Turai su zo hannunmu yaran ƙasar Hausa suke ƙera mota da karan dawa, da gwangwani, da waya. Gwangwanin tumatir ƙarami ya yi ƙafar injin daɓe. Kwalin ashana ya yi bayan tifa. Bakin katafila sai a yanko shi daga gwangwanin madara, malami da kansa ya lanƙwasa gefen don kada ya yanki yaro. Mai son aiki mai ƙarko ya kai zane wurin maƙeran gwangwani, irin na Panteka a Kaduna, su yi masa da dalma da kuza. Amma kada a ƙera da ka. A nemi hoton ainihin injin, a san tsawonsa, a raba, sa'an nan a yanka. Wanda ya sami zuwa Legas ya leƙa gidan Jaekel a Ebute Metta, inda aka ajiye hotuna da kayan aikin reluwe na da.

Ga hanyar Baro kuwa ba a bukatar sayen inji ko ɗaya. Laka da tsinke da ɓawon gyaɗa sun isa a yi mutane ɗari da kwandunansu. Kowane yaro ya gina mutum biyu, ya tambayo a gida ko akwai wanda ya san labarin diga a danginsu, ya kawo wa aji.

'Yan'uwana da za mu fita koyon koyarwa, shawarata ita ce kowane rukuni ya zaɓi hanya ɗaya da shekara ɗaya, ya rubuta su a allo a kafa a gaban tebur. Duk abin da za a ɗora, a tambayi yara tukuna, ya dace da shekarar, ya kuma dace da awon? In sun iya amsa wannan da kansu, aikin ya biya. Allah ya taimake mu.